Bulala da takobi cikin majigin zane: ina gaskiya, ina ƙari?

Duk wanda ke da yara a gida ya san yadda suke tattaruwa gaban talabijin ko wayar hannu domin kallon majigin zane, wato hotunan da ake zanawa da hannu har su yi motsi kamar masu rai. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne faɗa. Yau za mu duba yadda masu wannan sana'a ke zana karon bulala da takobi, mu ware gaskiya da ƙari.

Misalin da munka zaɓa shi ne Castlevania, wanda Netflix ya nuna daga 2017 zuwa 2021, kashi 32 cikin zango 4. Ma'aikatar Powerhouse ta birnin Austin, a Amurka, ita ce ta zana shi, an kuwa samo labarin daga wani wasan kwamfuta na kamfanin Konami na Japan da ya fito a 1989. Labarin yana gudana cikin ƙarni na 15, a wani yanki na ƙasar Rumaniya ta yau. Jarumin, Trevor Belmont, makaminsa bulala ce. A ƙarshen zango na farko ya kara da Alucard, mai dogon takobi.

To mu fara da bulala. Ƙarar da take yi ba daga dukan wani abu take fitowa ba. Jikinta yana da kauri wajen mariƙi, yana sirancewa zuwa baki. In an kaɗa ta, wani lanƙwaso yana gudu daga hannu zuwa baki, yana ƙara sauri gwargwadon sirancewar fata, har ya wuce gudun sauti, wato wajen mita 340 cikin sakan guda. Fashewar iska ke nan muke ji. Masana biyu na jami'ar Arizona, Goriely da McMillen, sun bayyana lissafin wannan a 2002.

Nan ne mai zane ke gamuwa da wahala. Majigi yana nuna hoto 24 cikin sakan guda, sau da yawa ma zane 12 kawai ake yi, kowane a nuna shi sau biyu. Tsakanin hoto da hoto, bakin bulala mai irin wannan gudu zai iya cin mita 14. Ba idon da zai bi shi. Don haka gwani yana tsayawa kan abin da ido ke gani: jarumi ya kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu, ya ja hannu baya, sannan zane ɗaya ko biyu mai dishi-dishi, sai bulala ta faɗo a sake. Wannan sakewar ita ce rauninta. Sai an janyo ta kafin a sake duka, kuma in abokin gaba ya matso kusa, ba ta da amfani. Masu Castlevania sun kiyaye wannan: Trevor yana aiki da bulala daga nesa, in an rutsa shi ya zaro gajeren takobi, daga ƙarshe ma da wuƙa ya tsira.

Shi kuwa takobin Turai na wancan zamani, nauyinsa bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Sara na ƙwarai daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kuma karon gaske ba ya daɗewa, domin sara guda ya isa. Don su kama wannan, masu zane sukan ɗauki hoton mutane na gaske suna motsi, su yi koyi da shi. Max Fleischer ya samu takardar mallakar na'urar yin haka a 1917, kamfanin Disney kuma ya bi irin wannan hanya wajen faɗan yarima da dodo cikin majiginsa na 1959.

Amma ƙari yana nan. Takobin Alucard yana tashi sama shi kaɗai, bulala tana naɗe makami duk lokacin da anka so, mutum ya sha duka ya miƙe ba tabo. Babba ya san tatsuniya ce, yaro bai sani ba. Castlevania ma don manya anka yi shi, akwai jini da yawa a ciki. Yaron da ya ɗauki igiya ko wayar lantarki yana koyi da Trevor, yana iya tsiyayar da idon ƙanensa. Ya kamata iyaye da malamai su duba abin da yara ke kallo, su kuma faɗa musu wannan bambanci.

Sana'ar kuwa ba baƙuwa ce ba a Nijar. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tahoua ya kuma rasu a 2015, ya fito da Bon Voyage Sim tun 1966, ya kuma yi Kokoa, inda dabbobi ke kokowa a fage. Abin da ya gani da idonsa shi ya sa cikin majigi. Matashin da ke son gadon wannan aiki, ya fara da zuwa fage ya kalli yadda jiki ke motsi kafin ya ɗauki alƙalami.