Kwamin kifi: ka ƙera famfon kankare ko ka yi haya?

Masu shirin gina kwamin tarwaɗa a Batsari da Safana na tambaya: tunda kawo inji daga Katsina akwai wuya saboda matsalar tsaro, me zai hana mai walda ya haɗa famfon da tarakta za ta juya?

Ɗan'uwa, kar ka fara. Sandar bayan tarakta na juyi 540 a minti. In kankare ya toshe bututu, waldar na iya fashewa a kan leburori. Famfo na masu bene ne, kwami kuwa a ƙasa yake. Hayi injin kwaɓi na yini ɗaya, ko a sa shebur da baro: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A zuba daɓen rana guda, gudun yoyo.

Rarar kuɗin ka sayi abincin kifi.