Daga tabarma zuwa benci: Yadda yaran Hausawan Agege ke shiga ajin share fage

A kowace Satumba, idan makarantun Legas suka buɗe sabuwar shekarar karatu, ƙofofin firamare na Agege kan cika da kukan 'yan shekara 5. Yaron da jiya yake kan tabarma a makarantar allo ko a ɗakin rainon unguwa, yau an rataya masa jaka, an zaunar da shi kan benci. Malama na yi masa Turanci, abokan zamansa na hira da Yarbanci. Fitsari ya matse shi, amma bai san da wane harshe zai nemi izini ba. Manya kan ce ƙiwa ce, alhali sau da yawa rashin mai jin maganarsa ne.

Hausawa sun daɗe a Agege. Cinikin goro da tashar jirgin ƙasa ne suka zaunar da kakanni a Zango tun zamanin Turawa, kuma har yau Hausa ce harshen cikin gida. Yaro kan buɗe baki da ita, ya fara haddar Fatiha da Larabci, sannan ya tarar da wasu harsuna biyu na jiran sa a aji.

A takarda, gwamnati ta yi tanadin wannan gaɓa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin tushe ta hannun hukumar UBEC, har da kula da ƙananan yara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Batun harshe ne ya kasa zama wuri ɗaya. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai ga shi a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da komawa ga Turanci. Legas kuwa tun 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta. Ko a lokacin da manufar harshen uwa ke aiki, harshen da ya rinjaya a yankin ake nufi, wanda a Agege ba Hausa ba ne.

Duk da haka, abin da ke sauƙaƙa wa yaro bai da tsada. Na farko, a kai shi ya ga makarantar tun kafin ranar buɗewa: ajinsa, bayan gida, wurin shan ruwa da fuskar malamarsa. Na biyu, a gyara masa lokacin barci da na tashi mako biyu kafin nan, a koya masa buɗe kwanon abincinsa da sa takalminsa da kansa. Na uku, a ba shi 'yan kalmomin neman agaji da Turanci: ruwa, bayan gida, ciwo, da cikakken sunansa. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ma a neme ta da wuri, domin kada a sa shi ajin da ya fi ƙarfinsa.

Makaranta ma tana da nata rabon. Malamar raino ko malamin Islamiyya da ya riƙe yaro shekara biyu ya san mai jin tsoro da mai ƙarancin ji; ƴar gajerar ganawa da sabuwar malama za ta hana wannan sani salwanta. Haka nan, mace ɗaya mai jin Hausa daga cikin iyaye, idan ta zauna a aji makonnin farko, za ta share hawaye masu yawa. Iyaye maza da kasuwa ko mayankar Oko-Oba ke fitar da su tun asuba su ma ana bukatar su a taron iyaye da malamai.

Ga masu rubuta manufofi a Abuja, darasin Agege a bayyane yake. Da sanyin safiya ake kama fara. Yaron da ya ji aji baƙon wuri ne a makonsa na farko, da wuya ya ɗaga hannu a aji uku. Duk tsarin horar da malaman share fage da bai tanadi yaron da harshensa ya bambanta da na unguwa ba, ya bar 'ya'yan Zango a bakin ƙofa.