Laimar da ke cin rufin rami a ɓoye

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamban 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin Ɗan Isa ta gundumar Madarunfa, mutum 18 suka rasu. An yi ta'aziyya, gwamnati ta rufe wurin. Amma haƙa ba ta ƙare a jihar Maradi ba, saboda haka ya kamata mai shiga rami ya san wani abu da masu haƙar kwal na Amurka suka daɗe da lura da shi: rufin ramukansu ya fi zubowa a watannin zafi da laima.

Dalili kuwa, yawancin kwal yana kwance ne ƙarƙashin wani dutse mai falle-falle, wanda asalinsa laka ce da ta daskare. Idan iska mai ɗumi da laima ta shiga rami mai sanyi, sai ta zama raɓa a jikin rufin. Lakar ta sha ta kumbura. Iska busasshiya ta zo, ta motse ta tsage. Kowane zagaye yana ƙara buɗe tsagar, har falle ya rabu da falle. Wanda ya taɓa zama a soro ya san haka yaɓe yake yi tsakanin damina da hunturu. A Amurka suna ɗaure rufin da dogayen ƙusoshin ƙarfe, su shimfiɗa raga, wani lokaci su fesa abin da zai hana shi shan iska.

Kwal ɗinmu na Anu Araren a buɗaɗɗen rami ake haƙarsa, don haka ba shi da rufin da zai zubo. Ramukan zinariya kuwa rijiyoyi ne masu lungu, kuma duk inda akwai laka, aikin ruwa ɗaya ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka haɗari ya wuce da ɗaukewar ruwan sama. Ƙasar da ta jiƙa a Agusta, tsagewarta tana gaba.

Kafin ka shiga, ƙwanƙwasa rufin da ƙarfe daga inda aka tokare. In ya yi ƙarar holoƙo, ya rabu da na samansa. In ka ga ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, ko sabuwar tsaga, ko itacen tokara yana ƙara, fita, ka kira na ciki. Ginshiƙin ƙasa da aka bari tsakanin rami da rami kuwa, ko zinariya na ƙyalli a jikinsa kada a sare shi.