Me ya kawo sojan Amurka Agadas, me kuma ya fitar da su?

Jama'a, tambayar da ta fi yawa a shirinmu na wannan mako ita ce: wai duk shekarun da Amurkawa suka yi a Agadas da jiragensu marasa matuƙi, don me satar shanu ba ta ragu ba?

To, gaskiyar magana, ba wannan ya kawo su ba. Sansanin 201 da suka gina da kusan dala miliyan 110, aikinsa leƙen ƙungiyoyin Alƙa'ida da IS ne, daga Libiya har iyakar Mali. Abin da Amurka ke gudu shi ne waɗannan ƙungiyoyi su yi ƙarfin da za su taɓa ta ko ƙawayenta. Ɓarawon da ya kore maka garke, komai zafin abin a gare ka, ba ya cikin wannan lissafi. Ba a ce ba su yi asara ba fa: a Tongo Tongo, cikin Oktoban 2017, an kashe sojojinsu 4 tare da na Nijar.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Dokar Amurka ta hana ba da yawancin tallafi ga gwamnatin da soja ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba. Amma sai watan Oktoba suka yarda suka kira abin juyin mulki. A ganina, sansanin nan ne ya sa su jan ƙafa.

A Maris ɗin 2024 tawagarsu ta zo Yamai tana ƙorafi kan kusantar Nijar da Rasha da Iran. Mahukunta suka ɗauki hakan raini, ranar 16 ga wata suka soke yarjejeniyar soja. Sojoji kusan 1,000 suka fara tattara komatsai. Ranar 5 ga Agusta suka bar Agadas.

'Yan kasuwa kuwa, kada ku haɗa zance biyu. Rufe iyakar da ya sa albasa ta ruɓe cikin motoci a Ƙonni, takunkumin CEDEAO ne, wato ECOWAS, ba na Amurka ba. Nata matakin shi ne cire Nijar daga AGOA, tsarin da aka kafa don ba kayan Afirka damar shiga kasuwarta ba haraji, tun daga Janairun 2024. Wannan ya shafi mai kai kaya Amurka ne, ba mai kai wake ko raguna Illela da Jibiya ba.