Wa'azi Sai da Sanin Mai Sauraro

A shekarar 1900 waɗansu Turawan Mishan, cikinsu har da Likita Miller, suka iso Kano don wa'azin addinin Kirista. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. A 1905 Miller ya sami mazauni a Zariya, ya duƙufa kan Hausa, har aka buga Littafi Mai Tsarki cikin harshenmu a 1932. Masu fassara ba su ƙago wa Mahalicci sabon suna ba, Allah suka ce, gama sun gane ba a shiga zuciyar mutum sai ta ƙofar da ya sani.

To, masu sauraronsu a ƙasar Kano iri biyu ne. Malami Musulmi ya riga ya san Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu daga Alƙur'ani, saboda haka ta nan ake soma masa zance. Amma da zarar an ce "Ɗan Allah" sai ya kau da kai, don a kunnensa wannan shirka ce. Inda suka sami shiga shi ne wajen Isawa, watau mabiyan Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Isa. Waɗansunsu suka nemi Miller a 1913, aka kafa musu gari a Gimi.

Bamaguje kuwa ba ruwansa da muhawarar littattafai. Tambayarsa ita ce, in ya bar tsafin gida wa zai tsare shi daga iskoki, wa kuma zai zo masa gayya? Shi sai a yi masa zancen ikon Allah bisa iskoki da cuta.

Magani ma ya zama hanya. A 1937 Mishan ta S.I.M. ta karɓi aikin kutare a Yadakunya, cikin ƙasar Ungogo inda Bacirawa take, ta kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Duk da haka yawancin Musulmi maganin suka karɓa, suka riƙe addininsu. A cikin Maguzawa aka fi samun masu bi.

Muna jan hankalin malaman makaranta da akawunan hukuma ga wannan. Ko allurar rigakafi za ku yi wa talakawa bayani, ko takin zamani, ku fara binciken abin da suke tsoro da abin da suka riga suka gaskata, sa'an nan ku buɗe baki.