An watse daga taron Riyad, maganar fari na nan

A watan Disamban 2024 ministoci da ƙwararrun muhalli na ƙasashe kusan 200 suka kwashe mako biyu a Riyad, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurgusowar hamada. Ƙasashen Afirka sun je neman yarjejeniyar yaƙi da fari wadda za ta wajaba a kan kowa. Haƙarsu ba ta cimma ruwa ba, an ɗage maganar sai taron Mongoliya na 2026. An dai yi alƙawarin sama da dala biliyan 12, a baki.

Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa tun shekarun 1980 suke barin tohon gawo da kalgo a gonaki lokacin sassabe. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, akasari da gatari da lauje.