Wuraren Tarihin Kano: An Adana Kaya, Wa Zai Adana Sunayensu?

Duk baƙon da ya sauka a Kano ya ce a zaga da shi ya ga gari, wuraren da za a kai shi sanannu ne: Dutsen Dala, ganuwa da ƙofofinta, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata da kuma Gidan Ɗan Hausa. Galibin abin da ake rubutawa a kan waɗannan wurare kuka ne game da gini, wato ganuwa tana zubewa, ana yanka filaye a gefenta, rijiyoyin rini suna cikewa da shara. Ko shakka babu wannan kuka yana bisa hanya. Sai dai akwai wata asara da ba a cika ambatonta ba, domin ita ba ta tayar da ƙura idan ta auku. Wannan ita ce asarar kalmomin da kakanninmu suka raɗa wa kayan da muke adanawa.

Bari mu fara da Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarki. Ruwayar da ta shahara ita ce an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta, shi kuwa Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan a matsayin ofis, daga baya aka mayar da wani sashe nasa gidan tarihi, wanda ke hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. A ciki mai ziyara zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, da kayan yaƙi irin su sulke da lifidi da kwalkwali, da kayan kiɗa, da tsofaffin hotuna da rubuce-rubuce. Amma kafin ma ya kai ga waɗannan, ginin kansa ƙamus ne ga wanda ya iya karanta shi.

Mai karatu ya ɗaga kai a cikin zauren irin wannan gida. Bangon da tubali aka ɗora shi, rufin kuma da azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. Lanƙwasar da ta tallafe rufin ita ce bakan gizo, inda bakuna suka haɗu a tsakiya kuma ɗaurin guga ke nan. A waje akwai tulluwa a saman soro, da zankwaye a kusurwoyi, da indararo mai zubar da ruwan sama. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin kada damina ta cinye shi. Shi kuwa laso, simintin magabata, da abu uku ake haɗa shi: katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Ashe ke nan kalma guda ta ishe mu shaidar cewa magini da marini da majemi a wuya ɗaya suke rataye, kowa yana cin arzikin sharar ɗan'uwansa. Yaron da ya tashi a gidan bulo da kwano, a ina zai ji waɗannan sunaye idan gidan tarihi bai faɗa masa ba?

Haka abin yake a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Baƙo yakan tsaya ya ɗauki hoton marini yana tsoma zane, ya sayi ƙyalle ya wuce. Abin da hoto ba ya ɗauka shi ne ilimin da ke bakin marinin: yadda ake haɗa baba da toka, kwana nawa rijiya take yi kafin ta nuna, yadda ake motsa ta da muciya, da yadda ake kai zane mabuga a buge shi da shuni har ya yi ƙyalli. Da irin wannan aiki aka san turkuɗi da kore. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya bayyana yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A yau rijiyoyi da yawa a wurin ba a aiki da su, kuma duk rijiyar da ta mutu, akwai kalmomin da suke bin ta kabari.

Wani zai ce, to mene ne a cikin suna, tunda kayan suna nan ana gani? Amsar ita ce sau da yawa sunan ya fi kayan faɗin inda aka fito. Alal misali, sirdi da linzami da likkafa duk daga Larabci Hausa ta aro su, wanda ya nuna ta wace hanya kayan doki suka iso mana. Sarautun Galadima da Ciroma daga Barno suka zo. Takarda ta bakin Azbinawa muka karɓe ta. Sunayen unguwannin birni ma haka suke. Alfindiki daga kalmar Larabci ce mai nufin masaukin fatake. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi suna gaya mana su wa suka zo suka zauna. Dandalin Turawa kuwa yana tuna mana cewa kafin zuwan mutanen Ingila, Larabawa ake kira Turawa. Wanda ya san wannan, idan ya ratsa birni da ƙafa daga Kurmi zuwa Dala, gidan tarihi ya ratsa wanda ba shi da ƙyaure.

Ita kanta ganuwa ba ta tsira daga wannan ruɗani ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Turawa suka shiga a watan Fabrairu na 1903. A 2007 aka sanya ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya. Yau mutane da dama suna ɗaukar ganuwa da badala abu guda ne, alhali a asali badala ita ce matakar da ke jikin ganuwa ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su yi harbi. Da matakar ta zaizaye, sai bambancin kalmomin ya zaizaye tare da ita. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a Kano ɗin nan aka aza wani babban harsashi na rubutun Hausar boko. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, wanda yanzu yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, nan ne mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Duk da haka, a galibin gidajen tarihinmu bayanin da ake liƙawa a jikin kaya da Turanci yake, kamar dai don baƙo kaɗai aka tanade su. Dattijon da ya yi karatun allo, da uwar da ta rako 'ya'yanta, da ɗan firamare, duk sai su zama baƙi a gaban kayan kakanninsu. Ba mamaki mutum ya tsufa a Yakasai ko Mandawari bai taɓa leƙa Gidan Makama ba.

Gyaran wannan bai kai tsadar sake gina ganuwa ba. Da farko, kowane kaya a rubuta sunansa da bayaninsa da Hausa, a boko da ajami, sannan Turanci ya biyo baya. Kayan aikin ma suna nan: ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara dubban kalmomin sana'o'i tun masu su suna raye, ga kuma Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Ƙamus yana da kalma babu kaya, gidan tarihi yana da kaya babu kalma, abin da ya rage shi ne a ɗaura musu aure.

Na biyu, sassan koyar da Hausa da tarihi a jami'o'i da kwalejojinmu su riƙa tura ɗalibai wurin magina da marina da maƙera da masaƙa da sarakunan ƙofa, su naɗi bayaninsu da muryarsu, a ajiye a gidajen tarihi yadda mai ziyara zai ji da kunnensa. Wayar hannu kaɗai ta isa wannan aiki. Na uku, makarantun boko da na Islamiyya su mayar da ziyarar waɗannan wurare wani ɓangare na darasi, a ce kowane yaro ya dawo da sababbin kalmomi goma da ma'anarsu. Gidajen rediyo kuma, waɗanda Allah ya hore wa Kano da yawa, su ware wa abin fili ko da sau ɗaya a mako.

Akwai gaggawa a cikin lamarin. Sulke zai iya shekara ɗari a cikin gilashi yana jiran mai bincike, amma dattijon da ya san sunan kowane sashe nasa ba zai jira ba. Bangon da ya faɗi, in akwai kuɗi da niyya ana tayar da shi, kalmar da ta mutu ba a rubuta ta ba kuwa ta tafi ke nan. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san sunan cutar da sunan maganin. Allah Ya ba shugabanninmu da malamanmu ikon yin abin da ya dace tun masu sani suna tare da mu, amin.